Ciyawa Ko Yashi: Gyaran Farfajiyar Koyon Wasan Golf A Cikin Gida

Tsakanin Unguwar Shanu da filin wasan golf na Kaduna babu wata tazara mai yawa, amma wanda ya dubi yadda ake rayuwa a wuraren nan biyu sai ya ce ba a gari ɗaya suke ba. A gefe guda gidaje ne a cushe, katanga ta jingina da katanga, da rani mata da yara na sammakon neman ruwa, 'yan garuwa na tura kura cike da jarkoki suna bi lungu lungu. A ɗaya gefen kuwa fili ne fetal mai itatuwa da iska, wanda Turawan mulki suka keɓe domin shaƙatawarsu bayan da aka mai da hedkwatar Arewa daga Zungeru zuwa Kaduna a 1917. Turawa sun tafi, fili ya zauna, wasan kuma ya koma hannun 'yan ƙasa: manyan ma'aikatan gwamnati, hafsoshin soja, 'yan kasuwa, da kuma yaran unguwanni da ke ɗaukar musu jakar sanduna, waɗanda ake kira kadi.

Ma'aikacin da ya fara wannan wasa, wanda wasu ke kira ƙwallon lambu, ba ya daɗewa sai ya gane cewa zuwa fili ranar Asabar kaɗai ba zai gyara masa hannu ba. Daga nan sai tunani ya zo masa na ya gyara ɗan wuri a bayan gida inda zai riƙa gwaji bayan la'asar. Abin da yakan zo masa a rai shi ne irin korayen farfajiyoyin nan da ake nunawa a talabijin daga Amurka da Ingila, masu sulɓi kamar an shimfiɗa darduma. To, yin irin wannan a Kaduna mai yiwuwa ne. Sai dai kafin a sayi ko da buhun taki ɗaya, ya kamata maigida ya zauna ya yi lissafin ruwa, domin a ƙasar da take yin wata biyar ko fiye ba a ga ɗigon ruwan sama ba, ruwa ne ke yanke hukunci, ba sha'awa ba.

Ga wanda bai san wasan ba, ga yadda yake a taƙaice. Cikakken fili yana da ramuka 18. Ɗan wasa yakan doki ƙaramar ƙwallo da sanda daga nesa, ya bi ta, ya sake dukanta, har ya jefa ta cikin rami, wanda kuwa ya gama zagaye da mafi ƙarancin bugu shi ne ya ci. Faɗin ramin inci 4 da kwata ne, watau milimita 108, ma'aunin da hukumar wasan da ke St Andrews a ƙasar Sikotlan ta tsayar tun 1891. Ƙwallon kuwa faɗinta bai kai milimita 43 ba. Kewayen kowane rami akwai wani wuri da ake gyarawa musamman, shi ne farfajiya, wadda 'yan wasa ke ce wa girin. A nan ba a ɗaga ƙwallo sama, gangara ta ake yi a ƙasa da wata sanda mai faffaɗan kai. A galibin filaye ana sa ran gwani ya gama zagaye da bugu 72, kuma a cikin lissafin nan an ware bugu biyu a kowace farfajiya, watau 36. Ashe ke nan rabin wasan a kan farfajiya yake. Mutum na iya cilla ƙwallo yadi 250 da bugu ɗaya, sa'an nan ya ɓata bugu uku a tazarar da ba ta fi tsawon tabarma biyu ba. Wannan shi ya sa wurin gwaji a gida yake da amfani ƙwarai, kuma shi ne kaɗai ɓangaren wasan da za a iya koyo a tsakar gida ba tare da an fasa wa maƙwabci gilashin taga ba.

CIYAWA DA ƊAWAINIYARTA

Wasan ya taso ne a bakin tekun Sikotlan, inda ƙasa take da rairayi, ruwan sama ba ya yankewa, tumaki da zomaye kuma su ne suke aske ciyawa kyauta. Ya daɗe a can, har ma a 1457 majalisar Sarki James na Biyu ta hana shi domin yana ɗauke wa samari hankali daga koyon harbi da baka. Duk ƙasar da ta karɓi wasan daga baya sai da ta yi fama da neman ciyawar da za ta jure wa yanayinta.

A ƙasashe masu zafi ciyawar da ta amsa kira ita ce wadda Turawa ke kira Bamuda, wadda kuwa ba baƙuwa ba ce a ƙasar Hausa. Ita ce ƙiri-ƙiri, wadda manomi ke la'anta in ta shiga masa gona domin saiwarta na yaɗo a ƙarƙashin ƙasa, in an nome nan ta ɓullo can. Wannan taurin kai da ke ba manomi haushi shi ne abin da mai farfajiya yake nema. A tashar binciken aikin gona ta Tifton a jihar Jojiya ta Amurka, wani masani mai suna Glenn Burton ya haɗa ta aure da wata 'yar uwarta mai ƙananan ganye daga Afirka ta Kudu, aka fitar da irin da ake kira Tifgreen a 1956, daga baya kuma Tifdwarf a 1965. Waɗannan ba sa yin ƙwayar da za a shuka, sai dai a dasa yankansu. Ƙiri-ƙirin gida tana iya yin farfajiyar gwaji, amma ganyenta ya fi kauri, ƙwallo ba za ta yi gudu a kanta kamar a kan na ƙetare ba.

Ba a dasa ciyawar farfajiya a kan ƙasar tsakar gida haka kawai. Jar ƙasar Kaduna takan daskare in an yawaita taka ta, ruwa ya kwanta a kai, saiwa ta ruɓe. Tsarin da hukumar wasan golf ta Amurka ta fitar a 1960, wanda har yanzu shi ake bi bayan 'yan gyare-gyare, shi ne a haƙa wurin, a shimfiɗa bututun tsiyayar ruwa, a zuba tsakuwa mai kaurin santimita 10, a bisanta kuma a zuba santimita 30 na yashi gauraye da ɗan ruɓaɓɓen taki. Ga farfajiya mai tsawon mita 6 da faɗin mita 5, watau murabba'in mita 30, wannan na nufin yashi mita 9 na awon cikin rami da tsakuwa mita 3, kaya ne na tifa, ba na baro ba. Dole kuma wurin ya ɗan karkata kaɗan, kamar santimita 1 ko 2 a kowace mita, domin ruwan Agusta ya sami hanyar wucewa. Har wa yau ciyawar nan ba ta son inuwa ko kaɗan, tana bukatar rana ta awa shida zuwa takwas. Gidan da mangwaro ko darbejiya suka rufe bayansa sai maigida ya zaɓa, kuma wanda ya sare mangwaro mai shekara talatin domin wasa, iyalinsa ba za su yafe masa da wuri ba.

Bayan dashe sai yanka, wanda shi ne aikin da ke kayar da yawancin masu sha'awa. Ciyawar farfajiyar gasa ana aske ta ne ta rage milimita 3 zuwa 4. A gida ko milimita 5 ko 6 ma ya wadatar, amma ko wannan ɗin langalanga ba za ta yi shi ba, komai gwanintar ɗalibin da ya sha yankan ciyawa a makarantar kwana. Injin nan mai wuƙa guda da ke juyawa kamar fanka shi ma ba zai yi ba, yagar ciyawa yake yi. Sai inji mai wuƙaƙe a nannaɗe da ke datsa kamar almakashi, irin wanda Edwin Budding ya fara ƙerawa a Ingila a 1830. Da damina sai an yi yankan nan kusan kullum, domin ƙa'ida ita ce kada a cire fiye da sulusin tsawon ganye a yanka ɗaya. Ma'aikacin da aka tura rangadi na mako biyu a watan Yuli zai dawo ya tarar da makiyaya, ba farfajiya ba, in kuwa ya yi gaggawar aske ta lokaci guda sai ta yi fari ta ƙone.

Sauran hidimomi ba su da wuyar ganewa ga wanda ya taɓa noman lambu. Ana barbaɗa takin zamani kaɗan kaɗan a bi shi da ruwa nan take, domin yuriya in ta kwana a kan ganye ƙona shi take yi. Kashin shanu, wanda sunan unguwar ma zai sa a tuna da shi, sai ya ruɓe sarai kafin a kusantar da shi, in ba haka ba ya zo da ƙwayar kowace irin ciyawa da saniya ta ci. Lokaci lokaci ana huhhuda ƙasa domin iska ta shiga, a barbaɗa tankaɗaɗɗen yashi a share shi cikin ciyawa domin wurin ya daidaita. Aya-aya kuwa sai an bi ta da hannu an tono ta har ƙwayarta. Ga gara, ga tana da ke tara ƙasa da dare, ga kajin gida da ba su san an yi wata doka ba.

LISSAFIN RUWA

Duk waɗannan ana iya jurewa in akwai hali. Abin da ba a iya kauce masa shi ne ban ruwa. Daga Nuwamba zuwa Maris, wani lokaci har cikin Afrilu, sama ba ta ba da komai a Kaduna. Iskar hunturu na busar da ƙasa, bazara kuma ta zo da zafinta. Ciyawar da aka aske ƙasa ƙasa saiwarta gajeruwa ce, ga shi kuma a kan yashi take, wanda ba ya riƙe laima. A ranar zafi irin wannan wuri yakan yi asarar ruwa kimanin milimita 6, kuma milimita ɗaya a kan murabba'in mita ɗaya lita ɗaya ce cif. Farfajiyar nan mai murabba'in mita 30 ke nan za ta sha kimanin lita 180 a rana, watau jarka bakwai da 'yan kai ta lita 25. A wata biyar na rani lissafin ya kai lita 27,000.

Hukumar Lafiya ta Duniya na ɗaukar lita 50 a rana a matsayin abin da mutum ɗaya yake bukata domin sha da girki da wanka da wanki ba tare da lafiyarsa ta shiga hatsari ba. Ke nan ɗan wurin wasan nan yana shan rabon mutum uku da rabi kowace rana. A unguwar da ake layi a bakin rijiyar burtsatse, wannan ba ƙaramar magana ba ce. Mai rijiyar kansa na iya cewa ruwansa ne, amma ruwan ƙarƙashin ƙasa bai san katanga ba, abin da famfonsa ya zuƙo daga tafki ɗaya yake fitowa da na rijiyar maƙwabcinsa da ke ƙafewa a watan Maris. Wanda kuma ya ja daga famfon gwamnati, ruwa ne da aka ɗebo daga Kogin Kaduna aka tace shi da magani a Malali domin mutane su sha.

HIKIMAR MUTANEN DA

Waɗanda suka kafa filayen golf a Nijeriya sun gamu da wannan matsala tun farko, kuma ba su tsaya jayayya da yanayi ba. A Kano da Zariya da Kaduna da Rayfield ta Jos, shekaru masu yawa ba a kan ciyawa ake gangara ƙwallo ba, a kan yashi ne da aka cakuɗa da mai aka daddale, wanda saboda launinsa ake ce masa burawun. Akan ajiye ma'aikaci a kowace farfajiya da abin jan yashi, ya share hanya sumul daga ƙwallo zuwa rami kafin a buga. Haka aka yi a ƙauyukan Ostireliya da tsakiyar Amurka da ƙasashen Larabawa masu arzikin mai.

Kada a ɗauka wannan wasan ƙauye ne. Gasar Nigerian Open da aka fara a 1969 ta jawo ƙwararru daga Turai zuwa kulob ɗin Ikoyi a Legas, inda a zamanin suke buga wasa a kan yashi. A can ne Sandy Lyle ya ci gasarsa ta farko a matsayin ƙwararre a 1978, shi ne kuma daga baya ya ci babbar gasar Birtaniya a 1985 da ta Masters a Amurka a 1988. A 1981 wani Bature ɗan Ingila, Peter Tupling, ya gama zagaye huɗu a Ikoyi da bugu 255, watau ƙasa da ƙa'ida da bugu 29, abin da aka lissafa a matsayin bajintar da ba a taɓa yin irinta ba a lokacin. Yashin da aka share da kyau ba ya yaudarar ƙwallo, inda aka nufa nan take zuwa.

Aibin burawun guda ɗaya ne, amma babba ne, shi ne baƙin man inji da aka saba zuba masa. A da ba a damu ba. Yau an san cewa man da aka juye daga mota yana ɗauke da gubar ƙarfe da wasu abubuwa masu haddasa ciwon daji, kuma hukumar kare muhalli ta Amurka ta ƙiyasta cewa galan ɗaya na iya ɓata galan miliyan ɗaya na ruwan sha. A cikin gida mai rijiya, inda yara ke wasan ƙasa, kaji na tono, zuba irin wannan mai ganganci ne, ko da bakanike ya bayar da shi kyauta. Wuraren da har yanzu suke wasa a kan yashi a ƙetare da yawansu sun koma amfani da man girki irin na waken suya. A nan gida ana iya gwada tsohon man tuya da aka tace, sai dai yana kiran tururuwa kuma yakan yi wari in ya daɗe. Ga ƙaramar farfajiyar gwaji ma ba lalle ne a sa mai ba sam. Yayyafin ruwa da butar ban ruwa kafin a fara ya isa ya kwantar da yashi, jarka ɗaya ta wadatar, ranar da za a yi wasa kaɗai, kuma ruwan ɗauraya ma yana yi.

Ginin ta bai fi ƙarfin magini na unguwa ba, domin a gaskiya daɓe ne. Kakanninmu mata sun san yadda ake zuba tsakuwa da jar ƙasa a tsakar ɗaki, a yayyafa ruwa, a bi da madaɓi ana waƙa, a ƙarasa da makuba ta ɓawon ɗorawa har ƙasa ta yi ƙarfi kamar siminti. Haka za a yi wa gindin farfajiya: a share wurin, a ɗaga shi ya ɗan fi kewayensa tudu, a zuba burji a daddale, a bar masa ɗan gangare domin ruwa. A kewaye shi da jerin bulo da aka binne rabi, don kada ruwan sama ya tafi da yashi. Sa'an nan a samo yashin kogi, a tankaɗe shi da rariya mai ƙananan ido a fitar da tsakuwa, a shimfiɗa shi kaurin yatsa ɗaya. In ya fi haka ƙwallo za ta nutse, in bai kai ba za ta yi ta tsalle a kan daɓe. Bututun roba na inci 4 da masu aikin famfo ke sayarwa ya yi kusa da ma'aunin rami, sai a yanko tsawon santimita 15 a binne shi, a zura gwangwani a ciki domin kwashe yashin da ke zubawa. A huda gindin gwangwanin, kada ya tara ruwa ya zama gidan sauro. Wasu masu koyo sukan binne gwangwanin madara a wani gefe, domin wanda ya saba da ƙaramin rami in ya je fili sai ya ga na can kamar bakin rijiya. Abin sharewa kuwa guntun bututun ƙarfe ne da aka ɗaura wa igiya, ko katako da aka naɗe da buhun algarara.

Akwai hanya ta uku, ita ce ciyawar roba da ake shimfiɗawa kamar kafet. Ba ta shan ruwa, ba a yanka ta, kuma ita ma a kan daɓe ake ɗora ta. Amma daga waje ake shigo da ita, farashinta na bin dala, da rana tsaka a watan Afrilu ba a iya taka ta da ƙafa ba takalmi, ƙurar hunturu kuma na cika ta sai an yi ta bi da buroshi. Mai hali da ke son abin da ya yi kama da na talabijin, wannan ta fi masa ciyawar gaske sauƙi.

Gaskiya ne yashi ba zai koya wa mutum duk abin da ciyawa ke koyarwa ba. A kan ciyawa ƙwallo na bin karkatar ƙasa da kwanciyar ganye, kuma ƙwararru har awon gudunta suke yi da wani ma'auni mai kwari a tsakiya da Edward Stimpson ya ƙirƙiro a 1935, a sako ƙwallo ta gangaro a auna ƙafa nawa ta tafi. Wanda zai shiga gasa a filin IBB na Abuja, wanda aka buɗe a 1991 da farfajiyoyin ciyawa, sai ya je da wuri ya saba da saurinsu. Amma tsayuwa, da riƙon sanda, da hana kai motsi, da buga ƙwallo da tsakiyar fuskar sanda, waɗannan duk a kan yashi ake iya ƙwarewa da su, kuma su ne ke hana mutum kuskure a tazarar mita ɗaya ko biyu, inda yawancin bugu ke zubewa. Mai son awo a gida na iya tsaga guntun bututu biyu ya jingina shi a kan bulo, ya riƙa sako ƙwallo daga wuri ɗaya, ya ga ko yashinsa na yau ya yi daidai da na jiya.

Akwai kuma wani amfani da ya wuce na maigida. Da yawa daga cikin ƙwararrun 'yan golf na Nijeriya daga aikin kadi suka fara, suna kallon iyayen gidansu suna kwaikwayo da sandar da suka lanƙwasa da kansu. Yaro ɗan Unguwar Shanu ko Abakpa ba zai iya biyan kuɗin shiga kulob ba, amma farfajiyar yashi a kusurwar filin makarantar sakandare ba ta bukatar komai sai tifa ɗaya ta burji, da yashi, da aikin gayya na yini biyu. Tsohuwar sanda ɗaya da ƙwallaye uku sun ishi aji guda. Malamin wasanni da ya rasa kayan wasan ƙwallon kwando na iya fara wannan da abin da ke cikin harabarsa.

Wanda ya yi niyya, lokacin daɓe shi ne ƙarshen Oktoba ko farkon Nuwamba, sa'ad da ƙasa take da sauran laima kuma ruwa ya ɗauke, domin ta sami watannin rani ta bushe ta yi ƙarfi. Mai dashen ciyawa kuwa sai ya jira ruwa ya zauna, wajen ƙarshen Mayu ko Yuni. Da damina akan tattara yashin a gefe a rufe shi da tamfol in hadari ya haɗu, a mai da shi in an ɗauke. Awaki da kaji sai ɗan shinge na waya, kyanwa kuwa, wadda ta fi kowa son tankaɗaɗɗen yashi, ba abin da ke hana ta sai a rufe wurin duka da tsohuwar tabarma kowane dare.